Daga Sakkwato Zuwa Bakin Teku: Yadda Za Ka Ziyarci Sansanonin Cape Coast da Elmina

Duk wanda ya tashi a Sakkwato ya taɓa jin sunan Gwanja a bakin tsofaffi, musamman 'yan goro. Can kakanni suke kai kanwa da fata da tufafi a bayan jakuna, su yi watanni a hanya, su dawo da huhunan goro. Mafi yawan fataken nan a Salaga suke tsayawa, a arewacin ƙasar da ake kira Gana yau. Amma hanyar ba a Salaga ta ƙare ba. Ta ratsa kurmi ta bi Kumasi, ta gangara har inda ƙasa ta ƙare, kuma a nan ne Turawa suka gina wasu fararen sansanoni masu igwa, suna sayen zinariya, daga baya suka koma sayen mutane. Biyu daga cikinsu, na Cape Coast da na Elmina, suna nan tsaye har yau, tsakaninsu bai fi kilomita 13 ba. Na je na gani, ga kuma yadda zan shawarci wanda zai tashi daga nan ya tsara tafiyarsa.

Takardu da kuɗi

Fara da fasfo, ka duba kwanan ƙarewarsa. In saura ƙasa da wata shida, je ofishin shige da fice ka sabunta kafin ka sayi tikiti. Ɗan Nijeriya ba ya buƙatar biza don shiga Gana, yarjejeniyar ECOWAS ta ba shi damar zama har kwana 90.

Takarda ta biyu ita ce katin rigakafin ciwon shawara, wanda kowa ke kira yalo kad. Jami'an lafiya na tashoshin shiga ƙasa ne ke bayar da shi, ana samun su a manyan filayen jirgi. Abin da mutane ke mantawa: allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana goma. Wanda ya yi ta ana gobe tafiya, kamar bai yi ba ne a wurin jami'in da ya so ya kafe. Kada ka yarda da wanda zai ce ka kawo kuɗi ya buga maka kati ba allura. Kuɗinka zai ci, sauro kuma ba ya karanta kati.

Kuɗin Gana sunansa sidi, kowane ɗaya fesuwa 100 ne. Naira ba ta saye a can. Ni dala na canza tun daga gida, na riƙa canza kaɗan-kaɗan zuwa sidi a shagunan canji masu rajista a Akra, domin 'yan canjin bakin iyaka hannunsu ya fi idonka sauri. Kada ka dogara da katin bankinka na naira shi kaɗai. In ta mota za ka bi, ka riƙe 'yar sefa saboda ruwa da abinci a Benin da Togo.

Lokacin da ya dace

Daminar bakin tekun Gana kashi biyu ce. Babbar tana kamawa daga Afrilu zuwa Yuli, ta fi ƙarfi a Yuni, ƙaramar kuma wajen Satumba da Oktoba. Agusta na da ɗan sanyi da ƙarancin ruwa. Daga Nuwamba zuwa Maris rani ne, sai dai Disamba baƙi daga Amurka da Ingila suna cika ko'ina, kuɗin masauki ya tashi. Ni na fi son Janairu ko Fabrairu.

In kana son ganin biki, mutanen Elmina suna yin Bakatue ranar Talatar farko ta Yuli, na Cape Coast kuma suna yin Fetu Afahye ranar Asabar ta farko a Satumba. Bukukuwan gargajiya ne masu haɗe da tsafe-tsafensu da giya, don haka ka san abin da za ka tarar.

Kada ka ce kai Basakkwace ne, zafi ba ya ba ka tsoro. Namu busasshe ne, gumi na fita yana bushewa. Nasu jiƙaƙƙe ne, rigarka za ta manne maka a baya tun hantsi, wanki kuma ya kwana biyu a igiya bai bushe ba. Ajiye shadda mai sitaci a gida, ɗauki yadi marar nauyi kala uku ko huɗu, da takalmi mai kama ƙasa saboda matakalan dutse.

Hanya

Mai hali ya hau jirgi daga filin Sultan Abubakar III zuwa Abuja ko Legas, daga can ya kama na Akra. Daga Legas tafiyar awa ɗaya ce. Da ka sauka ka mayar da agogonka baya da awa guda.

Ta ƙasa kuwa, sai ka yi haƙuri. Daga Sakkwato zuwa Legas wajen kilomita 1,000 ne, ta Jega, Yawuri, Kontagora, Mokwa, Jebba, Ilori da Badun. Ka tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki a makon da za ka tashi, kuma in da hali ka raba tafiyar biyu don kada dare ya riske ka a daji. A Legas ka kwana, washegari da asuba ka shiga motar kamfani mai zuwa Akra kai tsaye. Nisan bai kai kilomita 500 ba, amma iyakoki uku za ka ƙetare: Seme tsakaninmu da Benin, Hillacondji tsakanin Benin da Togo, sai Aflao, wadda take manne da birnin Lome. Iyakokin nan su ke cinye yini.

Dalilin da ya sa na ce motar kamfani: ma'aikacinsu ne ke tattara fasfo ya kai a buga, ya san wanda zai gaisar. Na taɓa gwada yanka hanya da ƙananan motoci don in rage kuɗi, a wata iyaka aka zaunar da ni a benci kusan awa biyu, ba a ce na yi laifi ba, ba a kuma ce in tafi ba. Abin da na rage na kuɗin mota a nan ya tafi. Duk inda aka dawo maka da fasfo, buɗe ka ga hatimin shiga da idonka kafin mota ta tashi.

Akwai tsohuwar hanyar arewa, ta Illela da Ƙonni da Yamai da Wagadugu a shiga Gana ta Paga. Ita ce ta fi kusa da sawun fatake, amma da rashin tsaron da ke yankin, ga Nijar da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, ba zan tura kowa ya bi ta don yawon buɗe ido ba.

Kwana ɗaya a Akra

Tsofaffinmu Ankara suke kiran birnin. Kada ka wuce shi a gajiye. Ka ce wa mai tasi ya kai ka Nima ko Mamobi ko Sabon Zango. Da ka sauka za ka ji Hausa ta ko'ina, irin tasu, wadda ba ta raba mace da namiji, a ce maka "Hajiya ya fita" kana ƙunshe dariya. Su ma in ka saki Sakkwatanci sai sun ce ka maimaita. Da ka ce daga garin Shehu kake, za ka ga yadda fuskar dattawa ke sakewa. Babban masallacin ƙasa yana Kanda, kusa da Nima, an buɗe shi a 2021, ginin irin na Turkiyya. A nan Akra za ka sayi layin waya da fasfonka, ka sa a buɗe maka asusun kuɗi na waya, wanda suke kira MoMo, domin har mai sayar da kwakwa yana karɓa.

Da safe ka karya da koko da ƙosai. Sunansa a bakin kowa a ƙasar nan, har wanda bai san ko "sannu" ba, Hausa koko. Sannan ka nufi tashar Kaneshie, inda motocin yamma suke lodi. Akwai manyan bas masu sanyi, akwai ƙananan da suke kira tirotiro. Cape Coast kimanin kilomita 145 ce, awa uku in hanya ta yi kyau. Ka fita kafin bakwai, saboda cunkoson wani gari da ke bakin Akra mai suna Kasoa. Sake karanta sunan: kasuwa ce, ta 'yan arewa, ta girma ta zama birni. Daga nan sai mararrabar Winneba, sai Mankessim, sai teku ta fara leƙowa ta hannun hagu tsakanin itatuwan kwakwa. Nemi kujerar taga ta hagu tun a tasha. Za ka hango wasu ƙananan sansanoni a kan tudu, kamar na Abandze, domin gaɓar nan jere take da su. UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya tun 1979.

Masauki ka kama a Cape Coast, ta fi yawan ɗakunan baƙi da abinci. Unguwar zango tana wajen kasuwar Kotokuraba, can za ka sami masallaci da mahauta Musulmi.

Rana ta farko: Cape Coast

Shawarata mafi muhimmanci ita ce sansani ɗaya a rana. Masu zuwa daga Akra su ga biyun su koma a yini guda, hotuna kawai suke kwasowa. Ana buɗewa da ƙarfe tara na safe a rufe da huɗu da rabi, kuma hukumar gidajen tarihi ta Gana ce ke kula da wurin. Ka isa da buɗewa, kafin motocin 'yan makaranta su iso. A bakin ƙofa samari za su tare ka da fara'a, su tambayi sunanka. In ka faɗa, kana fitowa za ka tarar an rubuta shi a jikin ƙwaryar dodon-koɗi ana jiran kuɗi. In ba ka so, ka yi murmushi ka wuce. Kuɗin shiga na baƙo ya fi na ɗan ƙasa, ka tafi da fasfo, kuma ka tambayi ƙa'idar ɗaukar hoto tun a wurin biya. Ba a shiga kurkukun sai da ɗan rakiya na gidan, yana haɗa mutane rukuni-rukuni, zagayen yana cin kusan awa guda, da Turanci. In Turancinka bai nuna ba, ɗauko wani yaro daga zango ya fassara maka, ka sallame shi.

Mutanen Suwidin ne suka fara kafa sansani a nan a 1653, ya yi ta sauya hannu har Ingilishi suka ƙwace shi a 1664. Daga nan suka mulki yankin har 1877, lokacin da suka mayar da hedikwata Akra. 'Yan garin, Fante, Oguaa suke kiran garinsu.

Za a fara gangarawa da ku kurkukun maza. Hanya ce mai gangara cikin duhu, ka tsaya idonka ya saba kafin ka taka. Ɗakuna biyar ne na dutse, iska da haske suna shigowa ta 'yan ramuka can sama, an ce akan tara maza har wajen dubu a ciki, su yi makonni ko watanni suna jiran jirgi. Ɗan rakiya zai ce ka dubi ƙasa. Abin da kake takawa ba daɓe ba ne, ƙazantar mutane ce da jini da ragowar abinci suka daskare shekara da shekaru a kan bulo, kuma an kankare wani gefe don a ga bambanci. Wani lokaci yakan kashe fitila na ɗan lokaci. Ni da na saba da ɗakin soro mai duhu, ban kai minti ɗaya ba na fara neman ƙofa da ido. Mai asma ko hawan jini ya tsaya kusa da mashiga, kuma ban ga amfanin shiga da ƙananan yara ba. A ɗaki na ƙarshe akwai wurin tsafin mutanen garin, da furanni da 'yan Amurka baƙar fata suke ajiyewa. Ba a tilasta wa kowa komai, ka tsaya gefe ka yi shiru. Za ka ga wasu suna kuka sosai, kada ka ɗaga musu waya.

Da kun fito, ɗaga kai ka dubi abin da ke bisa kurkukun: cocin Turawan gidan ne. Suna ibada a sama, mutane na mutuwa a ƙarƙashin ƙafafunsu. A tsakar gida akwai kaburbura, ciki har da na gwamna George Maclean da matarsa, da na Philip Quaque, ɗan ƙasar da ya zama limamin cocin. Sai ɗakin horo, inda ake jefa wanda ya yi tawaye, ba taga, ba ruwa, har ya mutu. Sai kurkukun mata. Sai ƙofar da suke kira ƙofar da ba a dawowa. Ana buɗe ta sai haske da hayaniya su doke ka: masunta ne ke gyaran koma, kwalekwale jere, yara na wasa. A bayan ƙofar an rubuta ƙofar dawowa, don jikokin waɗanda aka fitar. Barack Obama ya zo nan da iyalinsa a Yulin 2009, akwai allon tunawa a bango.

Bayan zagaye kada ka yi saurin fita. Hau bene ka ga ɗakin gwamna da tagoginsa masu shan iskar teku, ka bi jerin igwa, sannan ka ba gidan tarihin da ke ciki awa guda. Akwai mari da sarƙoƙi da taswirar hanyoyin da ake koro bayi daga arewa. Tsaya a gaban taswirar nan da kyau. Da la'asar, in da sauran ƙarfi, hau tudun Fort William, tsohuwar hasumiyar haska wa jirage hanya, ka ga garin gaba ɗaya.

Rana ta biyu: Elmina

Tasi na haɗaka zai kai ka cikin minti ashirin zuwa talatin. Kada ka zaɓi Talata in kana son ganin garin a raye, ranar masunta ba sa shiga teku. Sauka kafin gada ka taka da ƙafa. Ƙarƙashinta bakin tafkin Benya ne, inda ɗaruruwan kwalekwale masu fenti da tutoci suke shigowa da safe, mata na jira da manyan kwanoni. Ƙarnin kifi zai yi maka sallama tun daga nesa. Ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton kowa, matan kasuwar nan ba sa wasa.

Turawan Fotugal sun iso gaɓar nan a 1471, suka tarar da zinariya har suka kira wurin mahaƙa da harshensu, daga nan sunan Elmina ya samo asali. A 1482 Diogo de Azambuja ya zo da magina da kayan gini a jirage ya kafa sansanin. Don ka gane tsufansa: lokacin Muhammadu Rumfa ne ke sarautar Kano, Kanta bai gina Surame ba tukuna, kuma saura fiye da shekara 320 a kafa birnin Sakkwato. Da fari ɗakunan ƙasa na ajiyar kaya ne. Da gonakin rake suka bunƙasa a ƙetaren teku, sai aka mayar da su ma'ajiyar mutane.

A 1637 mutanen Holan suka ƙwace shi da dabara mai sauƙi. Dubi tudun da ke fuskantar sansanin: can suka hau da igwa suka yi ta ruwan wuta daga sama. Da suka ci, sai suka gina wani ƙaramin sansani a kan tudun don kada a yi musu abin da suka yi wa wasu. Shi ne St. Jago, ka hau shi bayan ka gama, daga can ne ake ganin Elmina sosai.

A ciki, wurin da ya fi tsaya mini a rai tsakar gidan mata ne. Akwai baranda a sama inda gwamna yake tsayawa a fito masa da su ya zaɓa, akwai rijiya a tsakiya inda ake wanke wadda ya nuna, da matakalar katako mai hawa zuwa ɗakinsa. Wadda ta ƙi, a ɗaure ƙafarta da dalmar igwa a bar ta a rana. Za a nuna maka ɗakuna biyu na horo gefe da gefe: na sojan Bature da ya yi maye yana da iska, na bawa kuma an zana ƙoƙon kai da ƙasusuwa a saman ƙofarsa. Ƙofar fita ta nan siririya ce, mutum ɗaya ne ke wucewa, shi ma a karkace. Cocin Fotugal da ke tsakar gida, 'yan Holan sun mayar da shi wurin ciniki. A sama kuma akwai ɗakin da Ingilishi suka tsare Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya a 1896, kafin su kai shi Saliyo, daga can zuwa tsibirin Seychelles. Shekara bakwai bayan haka suka iso mana Giginya, filin da suka ci Sakkwato da yaƙi.

Ga abin da ɗan rakiya ba lallai ya faɗa maka ba, kai kuma ya kamata ka shiga da shi a zuciya. Mutum miliyan 12 da wani abu aka ɗora a jirage daga Afirka cikin ƙarnukan cinikin nan, kuma Bature bai cika shiga daji da kansa ba, kawo masa ake yi. Kasuwar Salaga da kakanninmu ke sayen goro, kasuwar bayi ce kuma. Ƙasarmu ma ta san rinji, wato ƙauyen bayi masu noma, ta san bawa da kuyanga da ƙwarƙwara, kuma hakan ya ci gaba bayan Ingila ta haramta cinikin teku a 1807. Hausawa da yawa sun faɗa hannu su ma, ko da yake mafi yawansu ta Legas da Ouidah, wadda ke ƙasar Benin a yau, aka fitar da su zuwa Bahia a Barazil, inda bayi Musulmi suka yi tawaye a 1835. Sannan mun dawo gaɓar nan ta wata fuskar: 'yan Holan sun miƙa Elmina ga Ingila a 1872, aka yi rikici, a Yunin 1873 Ingilishi suka yi wa tsohon garin luguden wuta suka shafe shi. Filin da kake gani fayau a gaban sansanin, gari ne a da. A yaƙin da suka yi da Asante a wannan shekara da mai bi mata, akwai sojojin Hausa da aka kwaso daga Legas, waɗanda ake kira Hausawan Glover. Wasu zangunan bakin teku daga irin waɗannan sojoji da fatake suka samo tushe. Ni dai na shiga ina shirin tsine wa Turawa, na fito bakina ya yi nauyi.

In lokaci ya rage, zaga cikin gari ka ga maƙabartar 'yan Holan da unguwar da ake kira tudun Java. Tsakanin 1831 da 1872 Holan ta ɗebi sojoji kimanin 3,000 daga nan zuwa Indunusiya, da yawansu bayi ne 'yan arewa da aka fansa da sharaɗin aikin soja, waɗanda suka dawo kuma a tudun nan suka zauna.

Salla, abinci da teku

Alƙibla ba ta da wuya a nan. Teku tana kudu, in ka fuskance ta gabas na hannun hagunka, sai ka ɗan karkata arewa. Ba wurin salla a cikin sansanonin, ka tsara fitowa kafin azahar ka nufi zango. In ba ka yi niyyar kwana huɗu a gari ɗaya ba, hukuncin matafiyi na kanka, ka yi ƙasaru.

Abinci ba zai ba ka wahala ba. Waakye shinkafa da wake ce, sunan ma daga wake ya fito, ana dafa ta da karan dawa ta yi ja, kuma galibi Hajiyoyin zango ke sayarwa. Akwai tuwo da suke kira tuo zaafi, akwai tsire da suke kira cicinga. Amma ka ɗanɗana na 'yan gari: dokunun Fante da aka naɗe a ganyen ayaba, da soyayyen kifi da yajin shito. Kifi ne mafitarka a duk inda kake shakkar yanka. A gidajen abinci na gefen hanya ka tambayi naman da ke cikin miya, domin alade da naman daji ba baƙi ba ne a tukunyarsu. Ruwa ka sha na roba, ka kwana cikin gidan sauro.

Teku kuwa, ji nan da kyau, ɗan'uwa. Wanda ya iya iyo a gulbin Rima ko madatsar Goronyo bai iya komai ba a nan. Igiyar ruwan gaɓar nan tana dukanka ta gaba, sannan ta janye yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka ta koma da kai. Tsaya inda ruwa bai wuce idon sawu ba, kada ka juya mata baya don hoto, kada ka hau duwatsun da ke gindin sansanin.

In kana da rana ta uku

Ka ɗauki shatar tasi zuwa Assin Manso, kimanin kilomita 40 a kan hanyar Kumasi. Nan ne rafin da ake tsayawa da bayin da aka koro daga arewa, a yi musu wankan ƙarshe, a shafe su da mai don su yi kyan gani kafin a kai su kasuwar bakin teku. Wuri ne shiru cikin gora da itatuwa, kuma ga mutumin arewa ya fi kusa da gida, domin ta nan hanyar Salaga ta biyo. A 1998 an dawo da ƙasusuwan mutum biyu, ɗaya daga Amurka ɗaya daga Jamaika, aka sake binne su a nan.

Mai son ya wartsake sai ya je dajin Kakum, kilomita 30 arewa da Cape Coast, inda aka ɗaura gadojin igiya bakwai a ƙololuwar itatuwa. Ka je da sassafe. Mai jin jiri ya jira a ƙasa, ba abin kunya ba ne.

Komawa gida

Ka dawo Akra ana gobe tafiyarka, kada ka amince wa cunkoson Kasoa ranar da jirginka zai tashi. Tsaraba ka saye ta a kasuwar Makola ko Nima: atamfa ga iyali, ɗan ƙyallen kente, cakulan na kokon ƙasar, da kwalbar shito in an rufe ta da kyau, a cikin jakar da za a auna ba ta hannu ba. Ka cire abin da ya rage a MoMo, ka canza sidinka kafin ka ƙetare Aflao ko ka shiga jirgi, domin da wuya ka sami mai karɓarsa a Sakkwato. Goro kuwa ka sayi kaɗan na gaisuwar dattawa, ka sa mai shi ya naɗe maka a ɗanyen ganye, ka riƙa yayyafa masa ruwa a hanya, musamman daga Kontagora zuwa sama inda iska ke fara bushewa.